Yayana da Zabbin Adawa

Akwai wata magana da na yaɓa wa yayana a gaban surukai, wadda da ana iya kwashe magana a mayar da ita ciki, da tuni na kwashe. Zan kawo ta idan na iso wurinta. Na fara ambatonta ne don kada wani ya ji ana dariya a cikin wannan rubutu ya ɗauka mai rubutun bai san abin da ya rasa ba. Na sani sarai. Sai dai Yaya mutum ne da ba a iya tuna shi da ɗaurarriyar fuska, ko an yi niyya. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zame masa wurin hutu.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Samaru, ƙarƙashin mangwaron da ya dasa da hannunsa. Ni ne ƙaninsa da ya rage, don haka ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa. Ban daɗe da zama ba na lura da wani abu. Duk wanda ya durƙusa ya ce mini ya haƙuri, kafin ya tashi sai idonsa ya sauka a wuyana, ya bi shi a hankali tun daga bakin riga har haɓa.

Wani dattijo Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda suka yi aiki tare da Yaya a sashen kaji na gonar gwaji, ya riƙe hannuna yana kuka kamar yaro. Ya ce duk zaman da suka yi bai taɓa ganin Yaya ya buɗe kwanon abincinsa shi kaɗai ba. Da ya share ido ya dube ni da kyau, sai ya ce, "Ashe kai ne. To, marigayi bai yi ƙari ba." Wasu ɗalibai mata da ke sayen ƙwai a gidan suka zo a lulluɓe, suka yi gaisuwa cikin ladabi, suna juyawa na ji ɗaya ta raɗa wa 'yar'uwarta cewa ai wannan shi ne dainoson Baba. Liman kuwa, duk lokacin da muka haɗa ido sai ya ciji leɓe ya sunkuyar da kai. Na ɗauka kuka yake dannewa.

Ga wanda bai san mu ba, Yaya gajere ne mai tumbi, in yana tafiya sai ka ce ana gangaro da tulu. Ni kuwa dogo ne, kuma kaso mai yawa na tsawona a wuya ya tsaya. Kwanuka nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari tun da kamfanin da na yi wa aiki a Chikaji ya rufe. Karatuna bai wuce firamare ba, in an ga rubutun ya karkace a yi haƙuri.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ba da wasa ba. Kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, ita ta shigo mana da abin da ƙarfinsa. Ɗanka na fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ka dubi bango. Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma har mahaifiyarmu ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Yakan ba da labarin yana dariya, wai sai da aka kai shi makaranta ya gano yana da wani suna. Mu ma sai mu taya shi dariyar.

Matata ta fari ta haifa mini 'ya mace, ta rasu ba a daɗe da yaye ba. Yaya da matarsa kuwa Allah bai ba su haihuwa ba. Ba a yi wata doguwar shawara ba, aka goya yarinya aka kai ta Samaru riƙo. Na sake aure, na haifi wasu, waɗanda nake kwaɗa wa kira da sunayensu har maƙwabta su gaji. Amma ita, "yarinyar nan" ce, ko "'yar gidan Yaya". Da ta girma ta zama malamar kimiyya a wata sakandare nan Samaru sai na samu sauƙi, na koma ce mata "Malama", kamar wani uban ɗalibi. Ita kuma tana ce wa Yaya Baba, ni tana ce mini Baban Sabon Gari. In na saya mata atamfar salla, Yaya nake miƙa wa in ce a ba wancan gidan. In ba ta da lafiya, a bakin Yaya zan ji. Ranar ɗaurin aurenta shi ya yi walicci, ni na zauna can baya kamar wanda ya biyo hanya ya ga taro.

Iyakar abin da nake yi shi ne zuwa shan rake. Akwai mai rake a tsallaken ƙofar makarantar da ta yi firamare, daga baya kuma na gano wani a tsallaken wadda take koyarwa. Nakan gaya wa iyalina cewa raken Samaru ya fi na Sabon Gari zaƙi, in hau bas in je in tsaya daidai lokacin tashi, in ga fitowarta daga nesa, in dawo.

Don haka ranar da aka binne Yaya ba ɗan'uwa kaɗai na binne ba. Na binne bakin da nake magana da 'yata da shi, da kunnen da nake jin ta da shi. Ina zaune kan tabarma ana yi mini gaisuwa, abin da ke cina ke nan: mace ta haura arba'in, tana cikin gidan nan tana kukan ubanta, ni kuma da na haife ta ban san da wace kalma zan fara ba.

Bari in koma kan Yaya. Da ya yi ritaya daga gonar gwaji bai yi ritaya daga kaji ba. Bayan gidansa akurki ne jere, ga zabbi a kan katanga suna yi wa unguwa gadi ba a sa su ba. Kuma duk wata halitta da ke numfashi, Yaya da ma'auni ɗaya yake auna ta: yaya take yi da 'ya'yanta? Kaza ce a sama. Agwagwa tana tsakiya, wai tana ƙoƙari amma hankalinta na wurin wanka. A can ƙasa kuwa zabuwa. Yakan ce zabuwa za ta je cikin ciyawa ta zuba ƙwai, in ma ta daure ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da sassafe tana sauri, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ko waiwaye ba ta yi. Shi ya sa ba ya bar mata. Yakan nemo gurbin, ya kwashe ƙwan da dogon ludayi don kada ta ji warin hannu, ya bar mata kaɗan don ta ci gaba da zubawa, sauran ya kai wa kaza mai kwanci. Kaza ta ƙyanƙyashe su ta rene su kamar nata. Shi kuma ya cusa kara da kashin shanu a tsohuwar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife a bakin ramin gara, da safe ya kwaso wa 'yan zabbin abin karin kumallo.

Da wannan ma'aunin yake auna mutane. In an ce wance ta yi haƙuri da marayu, ya ce kaza ce. In an ce wane ya tafi Legas ya bar iyali ba aike, ya ce zabuwa. Liman da kansa agwagwa ne a wurinsa, kuma ya sani. Sannan duk matar da aka yi wa mutuwa a unguwar, bayan an watse sai ta ga Yaya a ƙofa da kaza a hammata. Ba ya cewa komai sai, "Ga wannan, tana son mutane." Yana ganin wanda ke da bakin da zai ciyar da safe ba ya daɗewa kwance.

Dainoso ya shigo gidan ne ta hannun Malama. Wata rana tana shirya darasi a tsakar gida, ya leƙa wayarta ya ga wata dabba, ya tambaya. Ta yi masa bayani cewa wasu manyan halittu ne da suka rayu suka ƙare tun kafin a yi mutum, ƙasusuwansu ake tonowa cikin duwatsu, har a hamadar Nijar nan kusa da mu an tono. Ta ƙara da cewa masana na ganin tsuntsayen yau, har da kaji, daga zuriyarsu suke. Matar Yaya ta ba ni labari cewa tashi ya yi ya je ya tsuguna gaban zakaransa ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, ya dawo ya ce da ma ya jima yana zarginsa.

Nan take ya raɗa musu suna zabbin Adawa, wai in ba ƙattin mutanen da ba, wa zai iya kiwon wannan. Malama ta ce, Baba, ai na ce maka babu mutane a lokacin. Ya ce to wa ke kwashe ƙwan? Ta yi bayani har ta gaji, bai janye ba. Liman ya ja masa kunne kada ya riƙa cakuɗa labarin mutanen Annabi Hudu da hotunan waya, ya ce shi ba fatawa ya bayar ba, magana ce ta makiyayi.

Abin da ya jawo ni ciki shi ne masu dogon wuya. Malama ta nuna masa wani da jikinsa ya fi tirela, ta ce an daɗe ana ganin irin waɗannan haƙa rami suke yi su zuba ƙwai su rufe su yi gaba, abin da ya fito ya yi ta kansa. Yaya ya ce a ƙara masa girman hoton. Ya ga ɗan ƙaramin kai can sama, ga wuya kamar turken lantarki, ga ido yana kallon wani wuri kamar ba shi ya yi ƙwan ba.

Ya ce, "Na san wannan. Kwanuka yake sayarwa a Sabon Gari."

Daga ranar na samu suna, na zama dainoso. Mai shayi ya ji, masu sayen ƙwai suka ji, abokinsa na gonar gwaji ya kai labarin har cocinsu. Yaya kuma ya kamu da abin kamar yadda wasu ke kamuwa da ƙwallo ko siyasa. Malama na shigowa gaishe su, kafin ta ajiye jaka zai ce, "Me aka tono?" In ta ce ba ta duba ba, ya ce masu tonon nan ma sun fara lalaci. Ranar da ta gaya masa an samu wani a ƙasar Sin da ya mutu a kwance kan ƙwansa, ya zama dutse a haka, Yaya cire hula ya yi. Ya ce wannan kaza ce, ko dutse ya zama ya zama da mutuncinsa. Sannan ya tambaya ko mai dogon wuya ne. Ta ce a'a, wani iri ne daban, mai baki kamar na tsuntsu. Ya ce ai ya sani, tambaya dai ya yi.

Ni duk wannan ina shanyewa, don tsakanina da shi da ma haka muke. Har ranar sunan autan Malama, a gidan dangin mijinta a Basawa. An yi addu'a, an raba goro, maza na zaune ana hira. Wani tsoho daga dangin mijin, baƙo daga nesa, ya tambaya cikinmu wane ne mahaifin mai jego. Tambaya ce da amsarta ba ta wuce nuni da hannu ba. Amma Yaya ya gyara zama.

Ya ce, "Ni na yi kwanci. Wancan shi ya yi ƙwan ya tafi."

Tsoho bai gane ba, sai Yaya ya miƙe ya yi masa darasi. Ya kawo zabbin Adawa, ya kawo tirela, ya miƙa ɗan guntun wuyansa iyakar ƙarfinsa, ya riƙa takawa a hankali yana kallon sama yana tsallake takalman mutane kamar ƙwai ne. Surukai suka yi ta dariya har wani ya ƙware da goro. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi. Gaban surukai ne, kuma na san mata na ji daga cikin gida, har da ita. Sai na ji bakina ya ce, gara wanda ya yi ƙwan da wanda bai taɓa yin ko ɗaya ba, sai kwanciya kan na mutane.

Wannan ita ce maganar.

Yaya ya sauke wuyansa. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Gaskiya ne." Ya nemi takalmansa cikin waɗanda ya gama tsallakewa, ya sa, ya tafi. Ko goronsa bai ɗauka ba.

Damina guda ba mu yi magana ba. Girman kai ya hana ni zuwa, kunya ta hana ni aike. A nan na fara ɗanɗana abin da nake tsoro yau, don da Yaya ya yi shiru sai Samaru gaba ɗaya ta yi shiru. Ban san ko jaririn ya fara zama ba, ban san ko ta koma aiki ba. Na ƙara yawan shan rake, har mai raken ya fara tambayata ko lafiya.

Bayan an yi girbi, wata rana da hantsi ina jera kwanuka sai ga Yaya yana kutsowa cikin kasuwa, gumi ya jiƙa masa riga, riƙe da tsohuwar wayar Malama a sama kamar mai ɗauke da garwashi. Bai yi sallama ba. Ya kife wani babban daro na sayarwa ya zauna a kai.

Ya ce, "Dogo, an wanke danginka."

Na ce wane dangi. Ya ce masu dogon wuya mana. Wai a can Ajantina an tono wani wuri an samu ƙwai, ga ƙanana, ga matasa, ga manya, duk a fili ɗaya, alamar garke suke zama tare, ba zubarwa suke yi su gudu ba. Ya ce bari ya nuna mini. Ya dangwali wayar, sai ga hoton ragon layyar wani. Ya sake dangwala, sai ta fara waƙa. Maƙwabcina mai bokitai ya zo taimako, mai tsintsiya ma ta matso, aka taru a kan waya ba a ga dainoso ba. Daga baya na ji cewa Malama ta ja masa kunne sosai: waɗannan na farko-farko ne, ba su kai ƙattin girma ba, kuma masana ba su gama gardama a kai ba, abin watakila ne. Na tambaye shi ko haka ne. Ya ce e, ta ce watakila, amma shi ya bar watakilar a cikin bas.

Da mutane suka watse na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce in bari, abin da na faɗa ba ƙarya ba ne, bai yi ƙwai ba, kuma wanda ya ba shi kwancin ya fi shi sanin dalili. Sannan ya tambaye ni ko na san yadda yake gano gurbin zabuwa a cikin ciyawa mai tsawon mutum. Na ce ban sani ba. Ya ce ba ya neman zabuwar, namijin yake nema. Zabo ba ya kwanciya kan ƙwai, amma duk inda ka gan shi tsaye shi kaɗai, yana miƙa wuya yana waige-waige kamar iska ya fito sha, to gurbin na nan kusa.

Ya ce, "Tun yarinyar nan tana aji ɗaya kake shan rake a ƙofar makaranta. Yanzu ko haƙoran kirki ba ka da su. Me kake yi da raken, tsotsa?"

Ashe tun farko yana gani. Ashe ita ma ya nuna mata ni tun tana ƙarama, ya ce kada ta kalli wajen, in ta kalla zan gudu.

Ya ce ya cire ni daga layin zabuwa ya mai da ni zabo, kuma ƙarin girma ne, in gode. Amma zabo yana samun damar tsayawa nesa ne saboda akwai mai kwanci a kan ƙwan. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar daga kan daron, wanda ya lotsa har ba ya sayuwa, ya ce, "Kazar ta tsufa, Dogo. Ka kira ta da sunanta. Ni na san yadda jiran yake."

Sai a lokacin na gane labarin "Wancan" da muke yi wa dariya ba labarin dariya ba ne.

Na ce in Allah ya so. Kuma na gwada, Allah ya sani. Nakan je Samaru da niyya, in yi ta maimaita sunan a zuci tun daga tasha. In na shiga na same ta, sai bakina ya buɗe ya ce, "Malama, ya aiki?" Daga bayan akurki sai in ji Yaya yana kwaikwayon kukan zabo. Haka muka yi ta yi har ciwo ya kwantar da shi.

Bai daɗe yana jinya ba. A asibiti ma bai fasa tambayar me aka tono ba, har wata ma'aikaciyar jinya ta zaci rijiya ake haƙa masa a gida. Ranar da na gan shi na ƙarshe na zauna kusa da shi ina jiran wata babbar magana irin ta masu tafiya. Ya kama hannuna ya ce a kula da baƙar kazar nan, tana kan ƙwan zabbi, kada hayaniyar mutane ta tashe ta. Na ce wace hayaniya. Ya yi murmushi kawai. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, matar Yaya ta aiko a kira ni cikin gida. Tsakanina da ita akwai wasan matar wa da ƙanin miji tun tana amarya, amma ranar na same ta zaune a ɗaki cikin takaba, muryarta ta dushe. Ta ce ƙwan sun fara fashewa, 'yan zabbi na bukatar gara, kuma ba wanda ya san inda marigayi ke kife tukwanensa sai 'yarsa. Tana bayan gida. In je in taya ta.

Na zagaya. Tana tsugune gaban akurkin baƙar kaza, ta ba ni baya. Na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, na yi gyaran murya.

Na ce, "Ke."

Ba ta motsa ba. Na ɗauka ba ta ji ba, na ce, "Malama." Shiru. Na ce, "'Yar gidan Yaya." Na ga ta kai gefen mayafi ta share ido, amma ba ta juyo ba.

Sai muryar matar Yaya ta fito ta taga. Ta ce, "Dogo, kada ka wahalar da wuyanka. Wasiyya ce. Ya ce in ka ce ke, kada ta amsa. In ka ce Malama, ta ce ba a makaranta take ba. In ka ce yarinyar nan, ta taya ka neman yarinyar."

Na ce ai wannan ba wasiyya ba ce, mugunta ce, kuma wa ya shaida. Ta ce liman. Har asibiti ya sa aka kira shi, ya ce ba zai bar shi ya tafi ba sai ya yarda ya zama shaida. Sai a sannan na gane abin da liman ke dannewa a kan tabarma.

Na tsaya a wurin, tsoho da furfura, ina kokawa da kalma ɗaya da ni da kaina na raɗa wa liman na wancan zamani a kunne ranar suna. Na tuna Yaya a bakin kabarin mahaifiyarmu, yadda ya daɗe tsaye bayan kowa ya juya. Na tuna shi yana tsallake takalma a Basawa. Na dubi baƙar kazar, ta baza fukafukai a kan 'ya'yan da ba nata ba, tana harara ta kamar ta san labarina.

Na faɗi sunan.

Bai fito da kyau ba. Ya daɗe a ajiye, sai ya fito a shaƙe, da wani irin ƙara, har zabbin da ke kan katanga suka ɗauka da su nake, suka kaure da kuka gaba ɗaya. Na ji matar Yaya ta yi wani sauti a ɗaki, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. 'Yata ta miƙe a hankali ta juyo.

Ta ce, "Na'am, Baba."

Na jira in ji "na Sabon Gari". Bai zo ba.

Ba mu rungumi juna ba, ba mu kai nan ba tukuna. Ta je gindin katanga ta ɗago wata tsohuwar tukunya ta miƙa mini, ta ce in riƙe. Na riƙe ta baki, gara suka hau hannuna suka fara aikinsu, na yi ta yarfe hannu ina tsalle a gidan makoki. Ta ce, "Baba, ba haka ake riƙewa ba," ta gyara mini. Muka tsuguna tare muna zuba wa 'yan zabbi, baƙar kaza na kiransu da harshen da ba nasu ba, su kuma suna zuwa.

Sunan ba zan rubuta shi a nan ba. Na riga na faɗa wa mai shi, kuma yanzu kullum sai na faɗa, har ta fara cewa ya isa haka. Raken ma na daina. In na je Samaru ta ƙofa nake shiga, kuma ni ne yanzu nake tambayarta me aka tono. Ta ce har yanzu masana na gardama kan masu dogon wuya. Na ce su yi a hankali, ni dai nawa ya ƙare.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, ya yi wa Yaya addu'a, Allah ya haɗa shi da mahaifiyarmu a inda ba a jin kunyar kowa. Sannan kada ya yi irin tawa. Kada ya gaya wa mai riƙon ɗan wani abin da na gaya wa yayana, ko da wasa ya kai wasa. Kuma in yana da ɗan da yake kallo daga tsallaken titi, kada ya jira sai an tono ƙasusuwa a Ajantina kafin ya tsallaka. Sunan dainoso da Yaya ya sa mini kuwa, ina roƙon a bar shi ya bi mai shi, don shi kaɗai ke da izinin kira na da shi. Na gaya wa jikokina haka. Autan ya dubi wuyana ya ce to.